Keken Ɗinkin da Bai Taɓa Ɗinki Ba

Nafisa ta haihu, Yunusa! Namiji ne, mai ƙarfin kuka, ita ma ta sauka lafiya. Ka yi jika. Mun yi jika.

Ka yi haƙuri, na fara da labari ban yi sallama ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga yayanka Iro mai walda, a nan unguwar Waziriyya ta Jidda, zuwa gare ka ƙanena, a inda Allah ya ajiye ka yau shekara goma sha shida. Ina fatan kana cikin rahama. Matata Kulu tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka har yanzu tana jiran zanen da ka ce za ka ɗinka mata.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna, don ka bar ni ina dangwala yatsa a iƙama, takardar izinin zama. Sai da na haura hamsin na shiga makarantar yamma da Malam Garba, wani akawu mutumin Zariya, yake yi a zaurensa tsakanin magariba da isha'i. Shekara uku na yi a kan benci. Layin farko na wasiƙar nan ranar haihuwa na rubuta shi, yau kuwa kwana shida, hannuna ba ya sauri. Na roƙi Malam Garba ya buga ta a tafireta a raba wa mutanenmu na Waziriyya da Khumra. Saboda haka ba kai kaɗai nake yi wa magana ba, kuma da gangan na yi hakan.

Da aka sa mini yaron a hannu na yi dariya har Kulu ta ce, "Malam, a hankali mana, asibiti ne fa." Murna ce ta gaske, ba ta ganin ido ba. Amma na lura a sama take zaune, kamar ruwa a kan fentin mota. A ƙarƙashinta akwai wurin da ba ya jin komai. Ka tuna ɗan yatsana na hagu da guduma ta kashe tun muna Bur Sudan? Tartsatsin walda kan faɗa a kansa, ina gani da idona, ba na ji. Haka ƙirjina yake tun ranar da aka kawo ka gida a naɗe.

Gobe ne suna. Kafin gobe akwai ƙaryar da nake so in sauke, kuma a kanka na yi ta. Bari in faro daga farko, saboda masu karantawa da yawa ba su san ka ba, waɗanda suka san ka ɗin ma ba su san ka daidai ba.

Mun ƙetaro daga Bur Sudan mu biyu da niyyar aikin hajji, muka zauna. Ni na samu warsha a Khumra ina walda. Kai ka samu tuƙi a gidan wani Bature injiniya a Abhur. Baturen nan yana da wata jita wadda ba a rungumar ta. A kwance take kamar ɗan tebur, a kan ƙafafu huɗu na ƙarfe. Wayoyi a sama, fedoji a ƙasa, tsakaninsu sanduna siri-siri. Ana zama a gabanta, hannun hagu yana zamar da wani guntun ƙarfe mai santsi a kan wayoyin, hannun dama yana tsinka da faratan ƙarfe, ƙafa tana taka feda. In ka taka, sandar ta ja waya, sautin ya miƙe ya hau ba tare da ya yanke ba.

Ka gaya mini ranar farko da ka ji ta kana wanke mota ne, ka tsaya da soso a hannu har kumfa ta bushe a jikin gilashi. Ka ce, "Yaya, ƙarfe ne fa yake kuka kamar Inna in tana niƙa." Na ce ka kula da aikinka, kafili, maigidan da ya tsaya maka, ba ya biyan mai sauraro.

Baturen ya lura da kai, ya riƙa barin ka ka zauna a gabanta. Shekara biyu. Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya ce nauyinta ya yi masa yawa, kuma kai ka fi shi buƙatarta. Ka zo da ita Waziriyya a bayan akori-kura da la'asar, lungu cike da mutane. Muna sauke ta tsohuwa Hajiya Tabawa, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta ce, "Iro, wannan kuma mene ne mai feda?"

Ban yi shawara da kai ba. Bakina ne ya riga ni. Na ce, "Keken ɗinki ne, Hajiya. Irin na zamani."

Ka dube ni. Mu gidan malamai ne tun daga kakanmu da ya taso daga Hadeja a ƙafa. Ba a taɓa makaɗi a cikinmu ba. Ga shi kuma muna zaune a ƙasar mutane da takarda, inda kiɗa ba abin ɗaga murya ba ne. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Kulu ta ɗinka mata riga da tsohon zanen gado, muka lulluɓe ta a kusurwar ɗakinka.

Kwana uku bayan haka Hajiya Tabawa ta aiko da yadi a ɗinka wa jikokinta kayan salla. Ka karɓa da hannu biyu, ka auna yaran da igiya kamar ka iya, ka hau mota ka kai wa wani tela Bayamale a kasuwa, ka dawo da kayan a ninke. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki mai kyau haka ba. Daga nan mata suka dinga aiko da yadi. Shekara biyar kana jigilar ɗinkin mutane don ka rufa wa maganata asiri. Ko sau ɗaya ba ka ƙaryata ni ba.

Kulu ce kawai take tsokanarka. In ka shigo sai ta ce, "Sannu Tela marar allura, yaushe zan ga zanena?" Kai kuma ka ce, "Uwargida, irin ɗinkina a kunne ake ɗaura shi, in kin shirya ki zo awo." Ta jefe ka da murfin kwano. Ni ina jin ku, ba na dariya.

A gida ba ka sa mata lasifika. Ba tare da shi ba sautinta bai fi kukan sauro ba, ƙarar feda kawai ke fita, kat, kat, kat. Duk wanda ya wuce ta bayan taga sai ya ce tela yana aiki. Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da duk warshoshin Khumra suke rufe, mukan kwance ta mu kai warshata. Ni na haɗa maka batirin mota da lasifikar tsohuwar rediyo. Ni nake ɗaure mata ƙafafu. In sanda ta karye ni nake yanko wayar ƙafar keke in lanƙwasa. Babu ƙusa ɗaya a jikinta da hannuna bai sani ba.

Akwai ranar da ka zo mini da wata buƙata da na ɗauka hauka ce. Ka ce feda ta uku tana ja da yawa, irin jan Turawa ne, kana so ta ja rabin rabi. Na ce mene ne rabin rabi kuma? Ka ce akwai wani sauti tsakanin sauti biyu, inda mai kiran salla yake ratsawa in zai sauko, Baturen ba shi da shi a jitarsa. Juma'a huɗu muka yi. Ina goge sandar da zarto kaɗan-kaɗan, kana takawa, kana girgiza kai. "Saura ƙiris, Yaya." In ƙara gogewa. "Ka wuce, Yaya." In sake yanko wata. A ta huɗu ka taka, ka rufe ido, ka daɗe ba ka buɗe ba. Ka ce, "Nan ne. Kada ka ƙara taɓa ta."

Ba ka taɓa kaɗa ta da takalmi ba. Kana cewa takalmi kurma ne. Babban yatsan ƙafarka ta hagu ya yi kanta, baƙa, mai tauri kamar fatar ganga.

Ban san yadda labari ya fita ba, amma mutane suka fara zuwa. Ba mutanen unguwa ba, masu sana'ar. Wasu Larabawa biyu masu kaɗa udu, garayar Larabawa, a gidajen biki, su zauna a kan tayar mota da fararen rigunansu. Wani ɗan Sudan mai goge irin na Turawa, wanda ya riƙa kallon hannunka na hagu yana zamar da yatsansa a kan gwiwarsa. Wani mai goge daga Kano da ya zo hajji, ya ji ka ya ce, "Wannan ai goge goma ne a maƙogwaro ɗaya, Allah ya isa tsakanina da maƙerin." Wani Bayarabe daga Ikko ya kwanta a ƙasa da rigarsa mai aiki ya zana sandunan a takarda ɗaya bayan ɗaya. Ba ka hana kowa ba. Wanda ya tambaya ka nuna masa, ka sake nuna masa.

Yanzu in ka wuce gidan biki a Jidda za ka ji mai udu ya ja sauti ya miƙe a hankali ya tsaya a tsakiya kafin ya sauka. Suna ce masa jan Takari. Yaran da suke yi ba su san wane Batakari ne ba. Alhazai sun gaya mini har a gida an fara jin irinsa a faifai. Nakan ji, in wuce. Ban taɓa tsayawa na ce ƙanena ne ba.

Duk Juma'o'in nan a bakin ƙofa nake tsayawa, bayana gare ka, idona a kan hanya, kada wani ya zo. In na ga rana ta karkata sai in shigo in ce a rufe. Wata rana muna ɗaure kaya ka ce mini, "Yaya, kai ka gina ta, amma ba ka taɓa zama ka ji ta har ƙarshe ba." Na ce wata rana. Ka ce, "To, Allah ya kai mu."

Ranar Litinin ce. Kana tuƙa sabon maigidanka a hanyar Abhur, babbar mota ta shigo hannunku. Shi ya rayu.

Ni na yi maka wanka. Na zuba ruwa a ƙafarka ta hagu, na ga kantar nan, na goge ta da hannuna kamar sauran jiki. Mutane suna ta cewa Iro akwai tawakkali, ko hawaye bai yi ba. Ba tawakkali ba ne. Babu abin da na ji ne kawai. Na jira zafin rashinka ya zo a maƙabarta, bai zo ba. Na jira ranar uku, na jira ranar arba'in. Daga baya na daina jira.

Da aka zo rabon gado, malamin da muka kira ya ɗaga zanen gadon ya leƙa, ya sake shi. Ya ce kayan kiɗa ba dukiya ba ce, ba ta shiga gado, ba a ba marainiya. Ya faɗa a hankali, don ya rufa mana asiri. Da suka watse na ɗauko sifana. Yadda na saba ɗaure ta haka na kwance ta, bai ɗauke ni rabin awa ba.

Ka san mu, ba ma zubar da ƙarfe. Ƙafafu huɗun na yi wa tankin ruwa mazauni da su. Sandunan na ba Sani mai tsire, ya ce sun fi tsinke, ba sa ƙonewa. Fedoji biyu na ba wani mai gyaran keke, ta ukun ban san inda ta shiga ba. Guntun ƙarfenka mai santsi Kulu ta ɗauka tana dakan hel, ɗan ƙamshin da ake sa wa gahawa, da shi. Gangar jikin da wayoyinta na sa a akwati na ɗora a saman rufi. Shekara goma sha shida muna shan ruwa daga kan ƙafafunta, muna shan gahawar da ƙarfenka ya daka.

'Yarka Nafisa tana da shekara uku a lokacin. Uwarta ta gama takaba ta koma wajen danginta a Kasala, aka bar mana yarinyar. Mu Allah bai ba mu haihuwa ba, ta zama tamu. Baba take ce mini. Da ta fara wayo ta tambaye ni sana'ar ubanta. Na ce tela ne. Hajiya Tabawa ta ƙara mata da cewa ba a yi tela kamarsa ba a Waziriyya. Yarinyar nan ta koyi ɗinki saboda kai, Yunusa. Ta ce tana so ta gaji ubanta. Ni na saya mata keken.

Da aurenta ya zo, yaron kirki ne, Abdurrahman, haifaffen nan, direban wani kamfani. Hausarsa rabi Larabci ce. Ubansa Alhaji Mukhtar mai sayar da carbi da turare ne, mutum mai tsare gida, ba ya wasa da asali. Ya zo tambaya da 'yan'uwansa biyu, suka zauna a tabarmata, ya ce, "Marigayin, mece ce sana'arsa?" Na ce direba ne, kuma tela. Ya ce madalla, sana'ar rufin asiri. Na zuba masa gahawa.

Ga yadda abin ya fito.

Ka tuna wani akawun tashar jirgin ruwa da ya zo wata Juma'a da na'urar ɗaukar magana mai faifai biyu? Ya ɗauke ka, ya tafi, muka manta da shi. Ashe abin nan bai mutu ba. Da kaset ya shigo, wani ya juye shi, wani ya juye daga na wani. Yanzu direbobi suna sayen sa a bakin tasha. Babu suna a jiki, babu hoto. Abdurrahman yana da shi a motarsa. Da cikin Nafisa ya tsufa ba ta iya barcin rana sai an sa mata shi. Ta taɓa tambayata, "Baba, wa ke wannan kiɗan?" Na ce ban sani ba, na tashi na fita tun bai kai rabi ba.

Ranar haihuwa, bayan mata sun ragu, na shiga na zauna a gefen gadonta da yaron a hannuna. Ta dube ni ta ce, "Baba, ka san a ƙarshen kaset ɗin nan akwai yarinya tana dariya?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Bayan dariyar kuma wani mutum ya ce, halas, ya isa haka, rufe abin nan. Baba, wata huɗu ina jin muryar nan kullum. Muryar da ta tashe ni sallar asuba tun ina ƙarama, kana ganin ba zan gane ta ba?"

Yaron yana hannuna. Ƙafarsa ta fito daga cikin zane, tafin hannuna yana ƙarƙashinta. Sai na ji yana dannawa. Ya danna, ya saki, ya danna. Na san duk jarirai suna yi. Amma ta hagu ce.

Na gaya mata duka. Ban yi kuka ba, muryata ma ba ta sauya ba, kamar ina karanta mata takardar wani. Ta saurara har na gama. Ta juya fuskarta bango, ta daɗe. Na ɗauka shi ke nan, na rasa 'ya. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ni ce mai dariyar?" Na ce ke ce, kina kan tabarma kusa da ƙafarsa, in ya taka feda sai ki kama masa yatsa. Ta ce, "Shekara nawa ina taka keke ina cewa haka Babana yake yi." Sannan ta ce, "Jitar tana ina?" Na ce a warwatse. Ta ce, "To ka tattaro ta."

Tun kafin haihuwa an yi magana, in namiji ne sunanka za a sa. Alhaji Mukhtar da kansa ya amince, ya ce a raya sunan tela. Da na yi shiru kwana bakwai, da an raɗa an gama. Kulu ma ta ce, "Malam, ka bari a yanka rago tukuna mana, ƙaryar shekara ashirin ba za ta ruɓe a mako ɗaya ba." Na yi tunani a kai. Sai na ga in aka sa masa sunan a haka, sunan wani tela aka sa, mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Na je shagon Alhaji Mukhtar a rana ta uku. Yana zura 'ya'yan carbi a zare. Na gaya masa. Bai ɗago ba har ya kai ƙarshen zaren ya ƙulle. Ya ce, "Iro, a tabarmarka na zauna na tambaye ka." Na ce haka ne. Ya ce, "Da ka ce mini makaɗi ne, wallahi ban san abin da zan yi ba. Wataƙila in tashi, wataƙila in zauna. Amma da ni zan zaɓa. Kai ka zaɓar mini." Na ce maganar suna fa? Ya ce, "Ni ba na sauraron kiɗa, ba kuma zan fara da tsufana ba. Amma zan zo in ga abin da idona. In na gani, na yi magana."

Kwana uku ke nan ina yawo. Na sauke tanki na ɗora shi a kan bulo. Na je wajen Sani mai tsire, ya tsufa, ɗansa ke gashi. Na ce ina son sandunan nan da na ba ka. Ya ce, "Iro, kyautar shekara goma sha shida ake biyowa? To ka dawo mini da tsiren da ka ci a jikinsu." Ya yi dariya har da tari, ya tsamo mini su daga cikin tire, sun yi baƙi, suna ƙamshin ƙuli. A ciki na gane ta rabin rabi, ga sawun zartona a bakinta. Mai gyaran keke ya mutu, amma fedojin suna cikin gwangwanin tarkacensa. Ta ukun na ƙera ta daga fedar birkin tsohuwar mota. Kulu ta wanke ƙarfenka da toka ta miƙo mini. Ta ce, "Ka gaya wa Tela marar allura ya bar ni babu abin daka." Sai ta shige ɗaki da sauri.

Jiya da la'asar na ɗaure ta a tsakar gida. Waya biyu sun tsinke, sauran sun yi tsatsa, na goge su da kananzir. Na haɗa batir. Na cire takalmina, na zauna a inda kake zama, na ɗora ƙarfen, na tsinka waya ɗaya, na taka ta uku. Ta yi kuka, Yunusa. Mummunan kuka, irin na ƙofar da ba a shafa wa mai ba, don ban iya ba. Amma ta hau, ta tsaya a tsakiya, daidai inda ka ce kada in ƙara taɓawa.

Daga nan na aika aka karɓo mini kaset ɗin. Na zauna a gabanta na sa shi. Ban tsaya a bakin ƙofa ba. Na ji shi tun daga farko. Ashe haka kake yi. Ashe akwai waƙar niƙan Inna a ciki, da ta masu jan igiyar jirgi a Bur Sudan, da wani abu da ban san sunansa ba wanda naka ne kai kaɗai. Na ji Nafisa ta yi dariya. Na ji takun ƙafata. Na ji kaina na ce halas, ya isa haka, rufe abin nan. Ka tsaya a tsakiyar sauti, ba ka ƙarasa ba. A duk motar da kaset ɗin nan yake, daga nan har inda alhazai suka kai shi, ni ne nake katse ka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na gaji da yin ƙarya. Ban fashe da kuka ba. Wurin nan yana nan yadda yake. Sai dai da kaset ɗin ya ƙare na ji wani ɗan zafi can ciki, kamar yadda ƙafa take yi in ka daɗe zaune a kanta jini ya fara dawowa. Kaɗan ne. Ban sani ba ko zai ƙaru.

Ɗazu Abdurrahman ya kawo ragon suna. Ya tsaya a gaban jitar ya daɗe, ya taɓa feda da hannu. Ya ce, "Ya ammi, wallahi ni kullum ina faɗa wa direbobi, hada, mai kiɗan nan, ba mutum ba ne, aljani ne. Ashe surukina ne!" Na ce ubanka fa? Ya ce, "Abuya zai zo bayan asuba, abin da zai ce ban sani ba. Amma ya ammi, huɗuba ni na yi ta ranar farko. Na faɗa masa a kunne, Yunus. Halas, ya riga ya ji."

To ka ji. Ban san sunan da za a faɗa gobe a gaban jama'a ba. Alhaji Mukhtar yana da haƙƙinsa, ni na zalunce shi, duk abin da ya yanke ba zan ɗaga kai ba. Amma sunan da ya fara shiga kunnen jikanka naka ne.

Ka yafe mini, ƙanena. Kai ka rufa wa ƙaryata asiri shekara biyar kana raye, ni na rufe gaskiyarka shekara goma sha shida kana kwance. Allah ya gafarta maka abin da ka yi daidai da sani da wanda ka yi bisa kuskure, shi ya san abin da ya sa a kunnenka da ƙafarka. Allah ya yalwata makwancinka, ya haɗa ka da Inna da Baba. Allah ya raya yaron nan, ya sa kada ya ji kunyar kowa a cikinmu. Ni kuma Allah ya ba ni zaman da zan ji ka har ƙarshe, a inda babu mai shigowa ya ce a rufe. Amin.

Ni ne yayanka,
Iro mai walda, Waziriyya.

Ku kuma da takardar nan ta shiga hannunku, gobe bayan sallar asuba gidana a buɗe yake. Jikokin Hajiya Tabawa da kuka sa kayan sallar da bai ɗinka ba, ku zo. Masu udu, direbobi masu kaset, Sani mai tsire, duk ku zo. Akwai rago, akwai gahawa, ko da yake hel ɗin bai daku sosai ba. Yaron yana ɗaki wajen uwarsa, ku ce a nuna muku ƙafarsa. Ita kuma tana tsakar gida a kan ƙafafunta huɗu, na cire zanen gadon na ba Kulu ta yi tsumma da shi. Ba keken ɗinki ba ne. Jitar ƙanena Yunusa ce, makaɗi. Ku zo ku gani.